Shingen da Na Yi wa Allunan Baba Gado

Har na kai ga ajiye aiki ban taɓa mantawa da wata ranar Laraba a bakin ruwan Yelwa ba, ranar da wani tsoho ya tarar na kulle masa abin da shi da kansa ya koya mini yi. Kun ce in ba ku labari guda kafin in kwashe takarduna daga wannan ofis. Na san kuna jiran na lambar yabo ko na tafiye-tafiye, amma wannan ne zan ba ku, domin shi ne wanda ya ƙi barina.

Da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, an raba ma'aikata bisa asalin kowa. Ni mutumin Gwandu ne, sai na faɗo Kebbi. Matata Hajara malamar asibiti ce, 'yar Sakkwato, sai aka bar ta can da yaranmu biyu. Ba faɗa muka yi ba, takarda ce kawai ta raba mu. Ni kuma ko a Birnin Kebbi ba a ajiye ni ba, aka turo ni Yelwa a matsayin jami'in zane da sana'o'in hannu, mataki na bakwai, in kula da ƙasar Yauri har zuwa Ngaski da Shanga. Sunan muƙamin ya fi ofishin girma. Ɗaki ɗaya ne, tebur ɗaya, kujeru biyu, kuma ta biyun nakan yi sati ban ga wanda ya zauna a kanta ba.

Ban san kowa a garin ba. Mutane suna gaishe ni da mutunci, su wuce harkarsu ta kifi da kasuwa. In na tashi aiki sai in sayi abinci in ci a kan teburin nan, in yi la'asar, in gangara bakin ruwa in zauna har rana ta yi ja. Kaɗaici ya ci ni a wannan shekara, ba zan ɓoye muku ba. Har magana na fara yi ni kaɗai, ina amsa wa kaina.

A shekara ta biyu da samun jiha sai sakula ta zo daga hedikwata, wato takardar umarni da ake aika wa kowane reshe. An ce kowace shiyya ta samar da wani abin kallo a fili da zai nuna al'adar mutanenta, Kwamishina zai zagaya ya buɗe. Daraktanmu ya ƙara mini da baki cewa wanda aikinsa ya fi burge manya za a dawo da shi hedikwata. Daga Birnin Kebbi mutum zai iya zuwa Sakkwato duk ranar Juma'a ya dawo Lahadi. Daga Yelwa kuwa sai in yi wata biyu ban ga yarana ba. Kun ga ke nan abin da wannan aiki yake nufi a wurina.

Sauran shiyyoyi siminti suka nema, wannan zai gina ƙaton kifi a shataletale, wancan zai gina tulu. Ni ma kifin na fara zanawa, na yaga takarda ta fi goma. Wata la'asar ina zaune a kan wani mataccen kwalekwale, cikin waɗanda aka jawo tudu aka yar, sai na ji murya a bayana.

"Wa ke zaune bisa jirgina?"

Na waiwaya na ga tsoho dogo, baƙi, yana dogara filafili, wato abin tuƙa jirgi, a maimakon sanda. Idanunsa a buɗe suke amma sun yi fari. Na miƙe ina ba da haƙuri. Ya ce in zauna abina, jirgin ya riga shi ritaya. Ya sunkuya ya ƙwanƙwasa gefen jirgin da bayan yatsunsa, ya karkata kai yana saurare.

"Wanga maɗaci na," ya ce. "Ni na sassaƙa shi tun muna gungu, ruwa bai ci gidajenmu ba. Ji yadda yake amsawa. Ciki ya ruɓe, amma gefen nan da sauran magana."

Sunansa Baba Gado. Bagunge ne, cikin mutanen gungu, wato tsibiran kogi, da aka tasa lokacin da aka datse kogi a Kainji, ruwa ya haɗiye garuruwansu. Sassaƙar jirgi ce sana'arsa har ciwon idon nan na mutanen bakin kogi ya rufe masa gani. Ya bi matattun jiragen nan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, yana gaya mini itacen kowanne da wanda ya tuƙa shi. Ya ce haka masassaƙa ke gane jirgi mai lafiya, da kunne, ba da ido ba. Na lura kowane jirgi muryarsa daban. Da ni ma na ƙwanƙwasa, sai ya yi dariya.

"Kai ɗan tudu na, ko? Ƙohwa kaka bugawa ko jirgi?"

Daga ranar ya raɗa mini Ɗan Tudu, kuma daga ranar na bar zanen kifi.

Wata uku muka yi muna aikin, daga tsakiyar damina. Na nemi izinin masu jiragen da sarkin ruwa, muka yanko alluna goma sha biyu daga gefen matattun jirage. Baba ne ke zaɓa. Yakan riƙe allo a tsaye, ya buga, ya ce in rage nan da gizago, in bar can. Muka kafa gumagumen giginya huɗu a gangaren ruwa, muka ɗora wani a sama, muka rataye allunan da igiya daga mai babbar murya zuwa mai ƙarama, yadda duk wanda ya zo wucewa zai iya bugawa da hannu. A can sama na jera goruna da na huda musu baki, in iska ta taso daga ruwa sai su riƙa kuka a hankali. In an yi ruwan sama allunan sun jiƙa, muryarsu takan yi ƙasa, in sun sha rana ta koma sama. Mata masu wanki suka fara bugawa in sun zo wucewa, masunta ma haka, kowa da irin nasa bugun.

Sashen ƙarshe dabarar Baba ce. Muka ɗaura manyan goruna a ƙasa, kowanne da igiya zuwa wata 'yar taɓarya da ke jingine da allo. In ruwa ya iso ya ɗaga goran, igiyar ruwa ta kaɗa shi, taɓaryar za ta bugi allon. Ruwa da kansa zai yi kiɗa ke nan. Sai dai wurin da ya ce a kafa gumagumen ya yi mini nisa da ruwa, ga damina ta wuce. Na ce, "Baba, ai ruwa ya gama zuwa, nan gaba sai ja da baya."

"A tudu ke nan," ya ce. "Nan ruwa biyu garemu. Wanga da kag gani mai laka, farin ruwa na, na daminarmu. Akwai baƙin ruwa, yana tahowa daga nesa, can ƙasashen sama, sai cikin sanyi yake isowa. Shi za ya taɓa gorunan ga. Ka bari dai, ranar da yaz zo, hannuna na bisa allo in ji shi yana bugawa ta baya."

Wannan ranar ita ce abin da yake jira, kuma kusan kullum sai ya ambace ta. Yakan zo da hantsi shi kaɗai, don ya san hanyar taku bayan taku. Ya fara taɓa allon farko, ya gangara ya tsoma filafili ya auna inda ruwa ya kai, ya dawo ya ce saura kaza. Daga nan mu zauna. Ba wata doguwar hira muke yi ba. Wani lokaci ya tambaye ni yarana, wani lokaci ya ba ni labarin albasar da suke nomawa a gungu. Amma a duk ƙasar Yauri shi kaɗai ne mutumin da in ban zo ba zai tambaya ko lafiya.

Cikin watan Nuwamba Darakta ya zo duba aiki. Mutum ne mai tsari, ba mugu ba ne, kar ku ɗauke shi haka. Ya zagaya, ya buga allo ɗaya da biro, ya yi murmushi, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Zuciyata ta yi fari, har na fara hango kaina a motar Sakkwato. Sai ya buɗe fayil.

Ga waɗanda ba su san ƙa'idar ba, duk abin da aka yi da sunan gwamnati sai an shigar da shi rajistar kaya, a ba shi lamba, a kafa masa allon sanarwa, kuma a tsare shi har ranar da babba zai yanke ƙyalle. Kafin wannan rana, a takarda, abin bai wanzu ba tukuna.

"Malam Umaru," ya ce, "za ka kewaye shi da waya, ka sa ƙofa da kwaɗo. Kar kowa ya taɓa sai an buɗe."

"Ranka ya daɗe, ai taɓawar ita ce aikin. In ba a taɓa ba, itace ne kawai a rataye."

"Na ji. To in wani ya tsinke igiya kafin Kwamishina ya zo, wa zai amsa tambaya, ni ko kai? Sati biyu ne kacal. Ka yi haƙuri da mutanenka, ka kuma tuna maganar da muka yi."

Na tuna maganar. Na ce, "To, ranka ya daɗe."

An yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, a satin nan Baba ya tafi sunan jikarsa a wani ƙauye. Ya gaya mini zai dawo daren Talata, ya ce bisa awonsa ruwa zai taɓa goruna ranar Laraba ko Alhamis. A sito ba a sami wayar raga ba, sai mai ƙaya. Na sa aka ja ta layi huɗu ranar Litinin, aka kafa ƙofa ranar Talata, na rubuta allon sanarwa da hannuna, da kyakkyawan rubutu irin na wanda ya karanci zane: Kayan gwamnati, ba a taɓawa. Ban tsaya na tambayi kaina yadda makaho zai karanta shi ba.

Na san gidan da yake zaune. Tafiyar minti goma ce daga ofishina. Da safiyar Laraba na fito da niyyar in je in gaya masa, na kai har bakin lungunsu, na juya. Kunya ce ta hana ni. Yaya zan ce wa mutumin da ya zaɓi kowane allo da kunnensa wai yanzu ba shi da izinin taɓawa? Na ce wa raina bari in tare shi a bakin ruwa, a can maganar za ta fi sauƙi.

Tun kafin in isa na ji abin. Baƙin ruwa ya iso cikin dare, ya ɗaga gorunan. Taɓaren nan suna bugun alluna ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, babbar murya ta amsa wa ƙarama, gorunan sama kuma suna kuka da iskar safe. Wallahi ban san mun yi abu mai kyau haka ba sai a lokacin. Na tsaya a gindin wata tsamiya, kamar taku ashirin daga shingen.

Sai ga Baba. Shi ma ya ji tun daga nesa. Bai dogara filafilin yadda ya saba ba, ya riƙe shi a hannun hagu yana ja, yana sauri, bakinsa a buɗe yana dariya shi kaɗai. Ya miƙa hannun dama gaba, tafin a buɗe, daidai tsayin allon farko. Na ga inda hannun ya nufa. Na buɗe baki, amma na tsaya neman yadda zan fara, da wace kalma, da wane bayani. Kafin in samu, hannun ya shiga wayar da dukkan saurinsa.

Bai yi ƙara ba. Ya ja hannun a hankali, ya tsaya. Ya sake miƙa yatsu, wannan karon da hattara, ya bi wayar yana shafawa tsakanin ƙaya da ƙaya har ya kai ƙofa. Ya sami kwaɗon, ya riƙe shi a tafinsa, jini yana bin gwiwar hannunsa. A nan ya tsaya yana fuskantar allunan, ruwa yana ta kiɗansa a ciki. Makullin yana aljihuna. Yanzu kuma kunyar ta ninka, don in na fito sai in faɗi dalilin da ya sa na yi shiru tun farko. Na lafe a jikin tsamiyar nan kamar ɓarawo. Ban san tsawon lokacin ba, amma inuwa ta matsa. Daga baya ya naɗe hannun da gefen rigarsa, ya juya, ya dogara filafilinsa ya hau tudu.

Washegari bai zo ba, jibi ma haka. Na ce bari a yi bikin buɗewa, in je da kaina in ɗauko shi, in zaunar da shi a gaba kusa da manya, sai komai ya wanke. Sati biyu suka cika, aka aiko cewa an ɗaga. Aka sake ɗagawa. An canza Kwamishina, sabon yana son ya fara da shiyyar da ta fi kusa. Kullum da la'asar nakan buɗe ƙofa in shiga in kulle kaina a ciki, in zauna a gindin allunan. Mata masu wanki suka daina kallon wajen. Kaɗaicin da na sani a da wasa ne, don a da ban san daɗin zama da kowa a garin ba.

Da aka shiga wata na uku, na lura ruwa ya fara sauka, taɓarya biyu sun riga sun yi shiru. A ranar na ari filaya, na kwance wayar gaba ɗaya, na naɗe ta na mayar sito, na sa ma'aji ya rubuta ya karɓa. Na koma ofis na rubuta wa hedikwata abin da na yi da dalilina, don in laifi ne gara su ji daga bakina. Amsar ta zo cikin kwana tara, ita ce wasiƙar da ta fi kowace saurin isowa a zamana na Yelwa. Takardar tuhuma ce, in yi bayani cikin kwana biyu me ya sa ba za a hukunta ni ba. Na yi bayani, aka ba ni gargaɗi a rubuce, aka sa a fayil ɗina. Mai ƙaton kifin siminti shi aka mayar hedikwata. Ni sai da na ƙara shekara huɗu a Yelwa, har ƙaramin ɗana ya kai in na je gida sai ya ɓuya a bayan uwarsa.

Amma kafin duk wannan, washegarin cire wayar na tafi lungun su Baba. Maƙwabta suka ce ai ya daɗe da tashi. Hannun ya kumbura ya sa shi zazzaɓi, 'yarsa ta zo ta tafi da shi wani ƙauye bayan Wara, a ƙasar Ngaski. Na jira ranar kasuwa na bi jirgin 'yan kasuwa.

Na same shi a zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ya rame. Tun daga sallamata ya gane ni.

"Ɗan Tudu? Kai ne cikin jirgi har nan? Lalle duniya ta canza."

Ya sa 'yarsa ta kawo mini ruwa da fura. Muka gaisa, na tambayi hannu, ya buɗe tafin ya nuna mini tabo uku, ya ce ya warke. Na ce, "Baba, na cire wayar. Na zo in tafi da kai ka taɓa allunanka."

"Ruwan hwa?"

"Ya fara komawa."

"To mi za ni ji? Sai baɗi, in da rai."

Da na tsaya a nan da ya fi mini. Amma mutum in yana neman wanke kansa ba ya sanin inda zai tsaya. Na ce umarni ne daga sama, ba yadda na iya. Ya ce ya sani, aikin gwamnati ai sai da umarni. Sai na ƙara da cewa ban san zai sauko da wuri haka a ranar ba, da ina wurin da na tare shi.

Ya murza tabon da babban yatsansa.

"Malam," ya ce. Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. "Kana nan gindin tsamiya. Na ji takunka tun ina bisa tudu, na san tafiyarka, ƙahwar hagu kaka ja. Waya ba komi ba ce, hannun masassaƙi ya saba da yanka. Da nit tsaya bakin ƙohwar nan, ba kiɗi nika saurare ba. Kai nika jira ka yi magana. Na daɗe tsaye, Malam."

Na zauna ina kallon ƙwaryar furar, hawaye suna sauka a ciki. Bai ƙara ko kalma a kan maganar ba. Ya ce in sha furata kar jirgi ya tashi ya bar ni, ya kuma ce in riƙa duba igiyar allo na bakwai, tana saurin ci. Da zan tafi ya yi mini addu'a, ya ce Allah ya haɗa ni da iyalina. Allah ya yi masa rasuwa cikin damina, kafin wani baƙin ruwan ya zo.

Allunan sun yi kamar shekara shida mutane suna bugawa, har gara da rana suka gama da su. Ba a taɓa buɗe su a hukumance ba, kuma in kun duba rajista ba za ku same su ba.

Ga abin da nake so ku riƙe, ku da kuka shigo aiki yanzu. Za a ba ku umarnin da ba ku so, kuma sau da yawa za ku bi, don kuna da iyali, kuma wani lokacin mai umarnin yana da gaskiyarsa. Ban taɓa ganin laifin kaina don na ja waya ba. Amma duk aikin da muke yi a fili, akwai mutumin da ya sa hannunsa a ciki wanda sunansa ba ya cikin fayil, kuma sakula ba za ta je gidansa ta yi masa bayani ba. Ku za ku je, da ƙafarku, tun kafin ya zo ya tarar. Babu dokar aikin da ta hana ni yin haka. Darakta ya ce in kulle ƙofa, bai ce in yi shiru ba. Da na ce, "Baba, tsaya, akwai waya," ba wanda zai rage mini ko mataki ɗaya.